Ƙafar Malam Habu ta Hagu

Akwai samari uku masu gyaran takalma da ke shan inuwa a gefen rumfata a Faskari, irin masu yawo da akwati suna ƙwanƙwasa shi. Kwanan baya ɗayansu ya ɗauki wani takalmi da na gama, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wannan ai ko da ido rufe zai yi shi, taya ce kawai da soso da maɗauri biyu. Sauran suka yi dariya. Ni bakina ya gaji da bayani. Amma iyakar sanina, daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa ni kaɗai na rage a wannan aiki, shi ya sa na ce gara in rubuta. Wanda zai karanta ya karanta. Karatuna bai wuce firamare ba, kada kowa ya nemi ƙawa a wurina.

Takalmin kutare nake yi. Ma'aikatan asibiti sun ce a daina faɗin haka, a riƙa cewa masu lalurar kuturta. To, na ji. Su dai masu ciwon, in sun zo rumfata, kutare suke kiran kansu.

Mai lafiya in ka yi masa takalmi ya matse shi, gobe zai dawo ya zage ka, ka gyara, a wuce wurin. Ƙafarsa ce ta kai masa ƙara. Kuturu kuwa ƙafarsa ba ta ji. Zai taka garwashi, sai ƙauri ya gaya masa. Zai wuni da tsakuwa a cikin takalmi, sai da yamma ya ga jini. Mutane suna cewa kuturta ce ke cinye yatsu, ba ita ba ce. Ƙaya ce, da tsakuwa, da zafin ƙasa, da takalmin da bai dace ba. Ciwo ya zama gyambo, gyambo ya kai ƙashi, likita ya ɗauko zarto. Saboda haka mai wannan aiki shi ne zai ji wa mutum abin da ƙafarsa ba ta ji, tun kafin ya taka. In ka yi kuskure ba wanda zai dawo ya zage ka. Godiya zai yi maka har ranar da za a yanke shi.

A wurin mishan na koya. Mahaifina baduku ne a Ƙanƙara, yana ɗinka kube da layu da kayan doki, sana'ar tana mutuwa a hannunsa saboda roba ta cika kasuwa. Ina saurayi aka ce asibitin mishan da ke wani ƙauyen Maguzawa a ƙasarmu yana neman wanda ya iya riƙe basilla. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, zamani ya lalace. Mahaifina ya ce in tafi, amma kada in ci naman da ban san wa ya yanka ba, kada kuma in shiga ɗakin waƙarsu. Inna ita ba ruwanta da waƙa, kuturtar take wa kuka.

Maigidana a can Baba Yohanna ne, Bamaguje, shi ma kuturu ne da ya warke. An kawo shi asibitin yana yaro, ya yi Kirista a nan, aka koya masa takalma. Yatsun hannunsa sun gajarce amma in ya riƙe wuƙa sai ka rantse da ita aka haife shi. Shi ya ba ni labarin yadda mishan suka shigo. Ya ce da fari sun nemi a bar su su yi wa'azi a cikin garuruwan Musulmi, sarakuna suka ƙi, Turawan mulki ma suka ƙi don ba sa son rigima. Sai aka ce ga kutare can a daji, ga Maguzawa, ku je. Aka ba su abin da ba wanda yake so, suka karɓa da hannu biyu. A lokacin da na je Baturiya ɗaya ce ta rage, tsohuwa siririya, ana kiranta Sista Ladi. Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni.

Ba zan ɓoye ba, so suke mutum ya bi addininsu, don shi suka bar ƙasarsu. Kowace safiya kafin a fara ba da magani sai an yi karatu da waƙa a ƙarƙashin darbejiya. Musulmi suna zaune suna jan carbi har a gama. An ce a zamanin da wanda bai zauna wa'azi ba shi ne na ƙarshe a layi. Ni ban tarar da haka ba, ban kuma ga wanda aka hana magani ba. Ni kaina Sista ta yi mini maganar ƙiri-ƙiri, ba sau ɗaya ba, ta ba ni littafi, na mayar mata, washegari ta gaishe ni kamar jiya. Cikin Musulmi waɗanda suka bi su ba su da yawa, akasari waɗanda danginsu suka yar ne. Ban zarge su ba. Wanda ya shekara yana wanke maka gyambo alhali uwarka ta daina cin abinci da kai, in ya kira ka dole ka waiwaya. Ni wa'azinsu bai shige ni ba. Aikinsu ne ya shige ni, har yau bai fita ba.

Ranar da na fara, na tarar da Sista a kan kujera 'yar tsugunno, ƙafar wani tsoho a kan cinyarta. Ta jiƙa ta a daro, tana kankare kantar ƙafar da 'yar wuƙa, tana tambayarsa labarin jikokinsa. Warin da ya buge ni ya sa na zagaya bayan ɗaki na amayar da kokon da na sha. Da na dawo Baba Yohanna bai ko ɗago kai ba.

"Ka gama? To zo ka riƙe fensir."

Fensir shi ne farkon kayan aiki. Mutum ya tsaya a kan kwali da nauyinsa duka, ka zagaye ƙafar, don ba ƙafar kuturu biyu da suka yi kama, ko a jikin mutum ɗaya. Sannan ka dama shuni, ka shafa masa a tafin ƙafa, ya taka farar takarda. Inda shunin ya fi duhu nan nauyi yake taruwa, nan gyambo zai fito ko da yau ba komai. Wurin za ka rarake a cikin soso don ƙafar ta sami inda za ta zauna. Soson nan ba na katifa ba ne, wata roba ce mai laushi da mishan ke kawowa a faranti-faranti. In ka matsa ta da yatsa biyu ta shige rabi ta dawo, ita ce. In ta shige duka ta yi laushi, in ta ƙi shiga ta yi tauri. Ƙasan takalmin tayar mota ce, don ƙaya. Ƙusa kuwa ko ɗaya ba ta shiga, ɗinki ma duk ta waje yake, kada zare ya goga fata. Wanda ba shi da yatsun hannu ba za ka sa masa ƙarfen ɗauri ba, zobe babba za ka yi masa wanda zai zura dungu ya ja. Wuƙa, basilla, almakashi, magagari, gam, zare da kakin zuma, ga su nan, ba wani abin mamaki. Abin da ba a saya a kasuwa shi ne bayan hannu. In mutum ya sa sabon takalmi ya ɗan zagaya, sai ka cire, ka bi ƙafar da bayan hannunka. Inda ka ji ɗumi, can za ka koma ka gyara. Na daɗe ina yankan taya kawai kafin Baba Yohanna ya yarda da bayan hannuna.

Aikin da na fi tunawa shi ne na Malam Habu. Manomi ne daga wani ƙauye a bayan Daudawa, yana da karatu daidai gwargwado, ga mata ga 'ya'ya ƙanana. Ƙafarsa ta dama an riga an yanke ta a ƙasan gwiwa tun kafin in zo, kafintan mishan ya yi masa ta katako. Ta hagu ce ta rage, ita ma da gyambo faɗin goro a ƙarƙashin babban yatsa. Sista ba ta ɓoye masa ba, ta ce in ya kai ƙashi ita ma za ta tafi. Ya ce da ƙafa ɗaya da katako yana bin garma, yana ciyar da gidansa. In babu ita, sai a ɗauke shi a ajiye a bakin tasha, kuma shi ba a haife shi don wannan ba.

Sai a kwantar da shi a asibiti har gyambon ya rufe, mu yi masa takalmi, ya koma gida. Kafin wata biyu ya dawo da shi a buɗe. Baba Yohanna ya farke takalmin ya sake, ya ƙara rarake soson, ya zagi kansa, ya zage ni. Aka tambayi Malam Habu ko yana sa shi, ya ce kullum. Ba ƙarya ya yi ba, ga taya ta ci. Haka aka yi ta yi, kowane zuwa ramin ya fi na baya zurfi.

Wata Juma'a da bazara aka aike ni a keke in kai masa sabo. Tunda Juma'a ce muka tafi masallaci tare. Ciki ya cika, jama'a sun malalo waje. Magani ya daɗe da kashe cutar a jikinsa, ba zai shafa wa kowa ba, amma duk da haka can ƙarshen sahu yake tsayawa, inda ba inuwa ba tabarma, don kada ya ga wani ya matsa ya ba shi wuri. Tun daga nesa ya cire takalmi kamar kowa, ya ratsa tsakuwa, ya tsaya a kan ƙasar da ko kaza ba za ta taka ba. Ni ina gefensa ina ɗaga wannan ƙafa ina ajiye waccan. Shi ko motsi bai yi ba har aka yi sallama. A hanyar gida muka bi ta ƙofar dagaci, ya sake cirewa ya riƙe a hannu. Muka gamu da surukinsa, ya sake. Da muka isa na duba ƙafar, har ta yi bororo.

Na kai labari. Da Malam Habu ya zo, Sista ta zaunar da shi ta ce daga yau kada ya ƙara cire takalmin nan, ko gaban dagaci, ko a salla, Allah ya san halin da yake ciki. Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Ya ce to, ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa, bai ƙara dawowa ba. Daga baya muka ji abin da yake gaya wa mutane. Ya ce dama an gargaɗe shi, mishan da magani suke farawa, da salla suke ƙarewa. Gara ya gamu da Ubangijinsa da gwiwa biyu.

Baba Yohanna ya gaya wa Sista a gabana cewa ta taɓa inda ba a taɓawa. Ba ta yi musu ba, ta tambaye shi yanzu yaya za a yi. Ya ce abin yana da masu shi, a je a tambaye su. Akwai wani mai bishara da ke zuwa wa'azin safe, ya ji, ya ce yanzu kuma mishan ce za ta gyara wa mutum hanyar masallaci? Sista ta ce masa abu biyu suka kawo ta ƙasar nan, bishara da jinya, kuma ba za ta yi garkuwa da ɗaya don ta sami ɗaya ba. Mutumin ƙafa ya kawo mata, ƙafar za ta duba.

Ni na goya Baba Yohanna a keke har zauren limamin ƙauyen su Malam Habu, wani dattijo mai son raha. A bakin ƙofa Baba ya tsaya, ya duba takalman da aka jera, ya duba nasa.

"Allah gafarta Malam, in na cire na karya dokata, in na shigo da shi na karya taku."

"Shigo da abinka, Yohanna. Tabarmar nan ta ga abin da ya fi shi."

Da Baba ya fara tambayar alwala da salla, liman ya yi dariya ya ce tunda har ya zo nan ai sai ya karɓi kalma ya huta. Baba ya ce shi ƙafa ta kawo shi, Malam kuma ya haye can sama, a sauko tukuna. Aka sauko. Liman ya ce salla da takalmi mai tsarki ba laifi ba ce, amma mutanen ƙauye ba za su ɗauka ba, shi kansa Habu ba zai ɗauka ba. Sai dai akwai huffi, safar fata da malamai ke sawa. Mutum ya cika alwala ya sa shi, in alwala ta karye shafa kawai zai yi a kai, ya yi salla da abinsa, ba mai cewa uffan. Amma da sharaɗi. Fatar dabbar da aka yanka ce, ba mushe ba. Ya rufe idon sawu, ya yi ƙarfin da za a iya tafiya da shi. Kuma ɗinkakke, ba wanda aka liƙa da gam ba.

A kan gam ɗin nan suka daɗe. Baba ya ce ɗinki yana goge ƙafa, gam ba ya yi. Liman ya ce ba shi ya sa sharaɗin ba balle ya cire. Baba ya ce shi ma ba shi ya ce zare ya ci ƙafar kuturu ba. Can sai Baba ya tambaya ko an ce ta wane ɓangare za a yi ɗinkin, ciki ko waje. Liman ya ce ba a ce ba. Baba ya tambaya ko za a iya shimfiɗa wani abu a ciki, a ƙarƙashin ƙafa. Liman ya ce in mai tsarki ne, abin da ke ciki tsakaninsa ne da mai ƙafar. Batun dagaci kuwa ya ce a bar masa. Wanda ya riƙe takalminsa a hannu ya gama ladabi, ba wanda ya ce sai an ga yatsunsa.

Fatar akuya ce, daga wurin mahaifina na karɓo, don ya san mahaucin ya san majemin. Baba ya yanka fatar, ni na ɗinka, saboda yatsunsa ba sa riƙe ƙaramar basilla. Duk gaɓar ɗinkin ta waje muka juya ta, huffin ya fito kamar an sa riga a baibai. A ciki muka shimfiɗa soso da raminsa daidai gyambon, sannan muka yi takalmin waje mai faɗi wanda huffin zai shige. Na farko ya tattare a diddige, muka yar. Na biyu ya yi. Muka ƙara wani don in ɗaya ya yi gumi a shanya shi.

Liman da kansa ya aika aka kira Malam Habu, ya yi masa bayani a gaban mutanen zaure. Malam Habu ya juya huffin a hannu ya daɗe. Ya tambaya wai da gaske Bamagujen nan ne ya tako har nan tambayar alwala. Liman ya ce shi ne, kuma ya fi wasunku tambaya. Kafin kaka gyambon ya rufe. Ya koma zuwa asibiti, yana zama wa'azin safe da carbinsa kamar da, shi da Sista ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Bayan nan mun yi huffi ba adadi. Har aka riƙa zuwa daga nesa ana cewa a kai su wurin mishan masu huffi.

Shekaru suka tafi. Sista ta tsufa ta koma ƙasarsu, can ta rasu. Aka kawo sabon magani mai kashe cutar da wuri, kutare suka ragu, asibitin ya koma ɗan ɗakin shan magani a hannun mutanen coci, Hausawa 'yan'uwanmu. Baba Yohanna ya rasu, na je jana'izarsa na tsaya a waje. 'Yarsa Saratu, wadda ta karanta aikin jinya, ita ta riƙe wurin. Ni na kafa rumfa a Faskari, ita ke aiko mini da soso da mutane. Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai wata Bafillatana da ta ce ba za ta sa baƙin takalmin nan ba, duk wanda ya gan shi ya san na kutare ne. Gaskiyarta. Tun daga ita nake rina fatar maɗaurin ja, in yi mata 'yar kwalliya, ya yi kama da na kasuwa. Yanzu rabin masu zuwa ma ba kutare ba ne, masu ciwon suga ne, Alhazai da Hajiyoyi. Su ma ƙafar ta daina ji, amma sun fi kutare gardama. Malam Habu kuwa ya aurar da 'ya'yansa, ya bi babban ɗansa Isiya zuwa wani ƙauye a ƙasar Sabuwa inda suka sami gona. Duk shekara bayan girbi yana zuwa, in auna ƙafar, in yi masa sabo. Ƙafar kuturu tana sauya kama, ba a aiki da awon bara.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka rufe mana hanyoyi. Kowa a nan ya san abin, ba sai na faɗa ba. Kasuwannin ƙauye suka mutu, soso ya daina zuwa. Ƙauyen mishan ya watse, Saratu ta kwashe abin da za ta iya ta koma cikin garin Ƙanƙara, aka ba ta ɗaki biyu a harabar coci. Shekarar nan Malam Habu bai zo ba. Na san huffinsa ya wuce lokaci, ba yadda zan yi.

Wata rana da hantsi sai ga Isiya a kan babur, ya ɗaure mahaifinsa a bayansa da rawani. Ana sallar la'asar aka shigo ƙauyensu. Kowa ya fita ta inda ya samu, ba wanda ya tsaya neman takalmi a ƙofar masallaci. Dattijon da ya haura saba'in, da katako da huffi kawai, ya bi daji har Sabuwa. Huffin ya kai shi wajen rabin hanya kafin ya huje. Sauran da naman ƙafarsa ya taka. A Sabuwa suka kwana biyu a makarantar da aka tara mutane, ba wanda ya duba shi, shi kuma ba abin da yake ji. Da almakashi na yanke huffin. Tsohon wurin ya buɗe, yatsu biyu sun yi baƙi, ƙafar ta kumbura har ƙauri. Malam Habu yana kallon fuskata, ba ƙafar ba.

"Malam Sale, faɗa mini gaskiya. Ta tahi?"

Na ce ni baduku ne, ba likita ba. Muka nemi mota muka bi ayari zuwa Ƙanƙara.

Saratu ta duba, ta kai shi wurin likita. Likita ya ce yatsun nan biyu ba su da sauran zama, ƙafar kuma zai ba ta ɗan lokaci, in ba ta sace ba zai yanke daga ƙasan gwiwa. Aka cire yatsun. Gadon asibiti ya cika da masu harbi, aka ce a tafi da shi gida, alhali ba gidan. Saratu ta kwashe kwalayen magani daga ɗakinta na biyu ta shimfiɗa masa katifa. Safe da yamma tana kan 'yar kujera da daro, ƙafar a cinyarta. Matan cocin ke kawo tuwo, naman kuwa ta ce daga mahautan kasuwa za a riƙa saye, kada Malam Habu ya yi shakka. Mai gadin wurin ya ja masa layi da gawayi a bango ya nuna alƙibla. Ranar Lahadi ana kiɗa da waƙa a ɗaki ɗaya, shi yana ɗaya yana jan carbi. Wasu 'yan'uwanmu Musulmi suka zo suka ce bai dace dattijo kamarsa ya kwanta a coci ba. Ya ce su kawo ɗaki da mai wanke gyambo, yanzu ya tashi. Suka ce za su dawo.

Ni aikina takalmi, kuma ba soso. Na shiga kasuwar Ƙanƙara ina bin masu silifa, ina matsa kowane da yatsa biyu, har wani ya ce Baba in ba saye za ka yi ba ka daina lalata mini kaya. Na sami wani iri da ya kusa. Na feƙe saman, na haɗa biyu, na rarake. Bai kai na mishan ba, yana mutuwa da wuri, sai an riƙa sauya shi. Na zauna a Ƙanƙara a gidan ƙanena ina jira, don ba a auna ƙafa da kumburi. Kullum in na je Saratu sai ta ɗaga tsumma ta nuna mini. Wani lokaci gaba, wani lokaci baya. Ranar da likita ya zo ya zura ƙarfensa a ramin bai taɓa ƙashi ba, ya ce a ci gaba da abin da ake yi. Ana gab da azumi na shafa masa shuni ya taka takarda. Ƙafa mai yatsu uku, nauyin duk ya koma gefe. Sai da na yi huffi uku kafin bayan hannuna ya yarda.

Bai koma ƙasar Sabuwa ba. Isiya ya sami aron gona a wajen Faskari, Malam Habu yana zuwa bakin gonar yana faɗa a kan yadda aka yi kunya. Ya ƙara damina uku. A ta ukun zazzaɓi ya kwantar da shi, cikin mako guda Allah ya karɓi abinsa. Isiya ya zo rumfata ya ce in zo cikin masu wanka, tunda ni na san jikin. Na je. Muka kwance katakon muka jingine, muka yi masa wanka, aka kai shi.

Da na dawo na kira Saratu a waya na gaya mata. Ta ce Allah ya ji ƙansa, ta tambayi Isiya da yara. Sannan ta ce, "Yaya Sale, da ƙafar?"

Na ce da ita.

Ta ce to madalla. Akwai wata mata daga Pauwa, diddigenta ya fashe, za ta turo ta ranar Alhamis, in tanadi kwali.